Yadda ake gyaran fatar kwale-kwalen faiba a zafin Maraɗi

Masuntan tafkin Madarunfa, kusa da Maraɗi, da kwale-kwalen katako suka saba, shi kuwa in ya tsage kowa ya san maganinsa: a cusa tsumma, a bi da kwalta, a ƙara ƙusa. Wanda ya mallaki na faiba, wato na zaren gilashi, ko babba na ɗaukar mutane ko siririn nan mai cin mutum ɗaya ko biyu da ake kira kayak, shi ne ke rasa inda zai nufa ranar da ya ga jikin jirginsa ya karce ko ya ɓantare. Kafinta zai ce ba aikinsa ba ne. Mai walda zai ce wuta ba ta kama shi. Mai gyaran jikin mota ne kawai zai ce a kawo, ya cika wurin da mastik ya fesa fenti, jirgi ya fito fes, bayan damina ɗaya mastik ɗin ya sha ruwa ya ɗago.

Alhali gyaran bai fi ƙarfin mai jirgin ba. Kayan aikin kaɗan ne, kuma ba sai da inji ba. Abin da ke ɓata aikin a nan ƙasar shi ne zafi da ƙura, domin bayanin da ke jikin gwangwani an rubuta shi ne da tunanin wurin da zafinsa ke tsayawa tsakanin digiri 20 da 25. Mu kuwa a watan Afrilu da Mayu digiri 40 ba labari ba ne. Hanyar da zan bayyana tana aiki har a kan tankin ruwa da bahon wanka na faiba, tunda fatarsu iri ɗaya ce.

Da farko, san abin da ke hannunka

Jikin jirgin faiba hawa biyu ne. Na ciki shi ne ƙarfin jirgin: zaren gilashi da aka jiƙa da rezin, wani ruwa mai kauri da danƙo, ya daskare. Na waje mai launi da santsi shi ake kira jelkot. Mutane na ɗaukarsa fenti, amma a masana'anta shi ake fara shafawa cikin mazubin jirgin, sannan a shimfiɗa zaren a kansa, su daskare tare su zama abu ɗaya. Shi ma rezin ne na foliyesta, an dai zuba masa launi da abin da zai ba shi kauri. Kaurinsa wajen rabin milimita ne kacal. Aikinsa ya tare ruwa da hasken rana kada su kai ga zaren, shi ya sa ɗan ɓantarewar da ake rainawa take zama ƙofa.

Kafin ka kashe ko dala, tabbatar jirgin naka na faiba ne. Kayak da yawa da ke yawo a duniya yanzu na roba ne, irin robar jarka da baƙaƙen tankunan ruwa, wato foliyetilin. Leƙa ciki da tocila. Na faiba za ka ga saƙar zare ko zaren da ya warwatse, bangon yana da tauri, in ka ƙwanƙwasa yana ƙara ras-ras. Na roba launinsa ɗaya ciki da waje, in ka danna da gwiwa yana lotsawa, in ka kankare da wuƙa yana fitar da siririn ɓawo maimakon gari. Idan na roba ne, ajiye wannan jagora: jelkot ba ya manne wa wannan roba ko kaɗan. Nasa maganin liƙi ne da zafi, a narka guntun roba irin tasa a cikin tsagar, yadda masu liƙin bokiti ke yi.

Duba zurfin ciwon

Wanke jirgin da sabulu da ruwa mai kyau, laka ta fita, sannan ka kifa shi kan tsofaffin tayoyi a inuwa. Za ka tarar da ɗayan abu huɗu, ko duka.

Wani lokaci launi ne kawai ya koɗe, in ka shafa tafin hannu sai ya fito da farin gari. Wannan hasken rana ne ya jawo shi, kuma ba ya buƙatar sabon jelkot. Gogewa da man goge fenti da kakin goge mota ta ishe shi. Haka ma ƙananan karce da farce ba ya maƙalewa a ciki.

Sai karce mai zurfi da ɓantarewa, inda kake ganin wani launi daban a ƙasa, ko zaren kansa ya bayyana. Wannan shi ne ainihin aikinmu.

Sai siraran tsage-tsage da suka bazu daga wuri ɗaya, galibi inda jirgi ya bugi dutse, ko inda aka ɗaure shi da igiya tamau a saman mota aka bi hanyar da ba kwalta. Waɗannan su ne masu ruɗi. Ɗauki tsabar dala ashirin ka riƙa ƙwanƙwasa wurin a hankali, kana matsawa daga lafiyayyen gefe zuwa tsakiyar ciwon. Muddin ƙarar tana fita tsaf, zaren na ƙasa lafiya yake. In ta koma dum-dum, ko wurin yana lotsawa ƙarƙashin babban yatsa, ko ka leƙa ta ciki ka ga faiba ta yi fari a wurin, to zaren ya karye. Shafa jelkot a kan irin wannan wuri ɓata kuɗi ne, domin jirgi na shiga ruwa bangon zai motsa tsagar ta dawo. Sai an ƙarfafa shi ta ciki tukuna, zan zo kan wannan a gaba.

Kayan aiki, da inda ake yin kuskure wajen saye

Rezin da zaren faiba ana iya dacewa da su wurin masu sayar da fentin mota. Jelkot kansa sau da yawa sai an yi saƙo daga Yamai ko Kano. Sayi kaɗan. Ba kaya ne mai jure ajiya ba, watanni ne rayuwarsa, zafi kuma yana ƙara gajarta ta. In aka buɗe gwangwani ka ga gudaji-gudaji a ciki, ko ya yi tauri ba ya bin sanda, ka bar musu abinsu.

Tambayi mai sayarwa abu ɗaya: akwai kaki, irin na kyandir, a ciki ko babu? Jelkot na asali iska tana hana samansa bushewa, ya daskare ta ƙasa amma sama ya zauna da danƙo har abada. Wanda aka zuba wa kaki, kakin yana tasowa sama ya tare iska, ya bushe ƙayau. Kowanne ka samu zai yi aiki, amma hanyar ta ɗan bambanta.

Jelkot da rezin sai an zuba musu magani suke daskarewa. Maganin daskarwa shi ne MEKP, ruwa ne garau mara launi a ƴar ƙaramar kwalba. A nan ake yawan tafka kuskure. Mai kanti zai iya miƙo maka jan maganin nan na matsawa da ke zuwa tare da mastik, ya ce, "Malam, ai duk ɗaya ne, shi ma daskarwa yake yi." Ka ce masa, "Alhaji, a yi haƙuri, na ruwan nake so." Sinadarinsu daban ne, jan na mastik aka yi shi, in ka zuba shi a jelkot za ka wayi gari abu bai kama ba.

Sauran su ne aseton na goge wuri, farin tsumman auduga, samfefa ta ruwa tun daga lamba 80 har zuwa 1200, salatif na takarda irin na masu fenti, sirinji biyu daga kantin magani (ɗaya na mililita 10 ko 20, ɗaya na mililita 1 wanda ake cire allurarsa), ƴan sandunan motsawa, guntun katako mai shafaffen gefe, safar hannu da tabarau mai rufe gefen ido. Wajen abin damawa, kofin takarda ko gindin jarka da aka yanke aka wanke ya bushe. Kada ka yi amfani da farin kwanon soso na zuba abincin sayarwa, jelkot yana narkar da shi nan take.

Akwai kuma abu ɗaya da ba a kanti ake samunsa ba. Je wurin masu fotokwafi, ka ce a wuce maka da ledar nan da suke lulluɓe katin shaida da ita ta cikin injin, ba tare da an sa komai a ciki ba. Za ta fito shimfiɗaɗɗiya, mai santsi da ɗan ƙarfi, ana ganin abin da ke bayanta. Ita ce za ta rufe gyaran. Baƙar ledar kasuwa tana yamutsewa, duk yamutsin kuma zai fito a jikin jirgin.

MEKP ba abin wasa ba ne. Ɗigo ɗaya a ido yana iya makantar da mutum; in ya faru, a wanke idon da ruwa mai gudana na aƙalla minti 15, a wuce asibiti. Tunda kamarsa ɗaya da ruwa, kada a juye shi a gorar lemo, kada a bar shi inda yara za su kai hannu. Wasu masu sayar da rezin suna haɗawa da wani ruwa shuɗi mai ja-ja, maganin hanzartawa na kobal. Shi da MEKP ba sa haɗuwa kai tsaye, suna iya tashin wuta ko fashewa. Jelkot yawanci yana zuwa da nasa an riga an dama a ciki, ba ka buƙatarsa. Aseton kuma tururinsa ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi. Mai shayi da gawayinsa, mai taba da ashanarsa, duk su yi nesa.

Zaɓen lokaci

A ganina wannan ne rabin aikin. A digiri 25, jelkot da aka dama yana ba mutum wajen minti 10 zuwa 20 kafin ya fara kamawa. Kowane ƙarin digiri 10 kusan rabin wannan lokaci yake cinyewa. Ka lissafa abin da ya rage maka da azahar ɗin bazara. Kuma zafin iska daban, zafin jikin jirgin daban: jirgi mai duhun launi da ya sha rana yana ƙona tafin hannu.

Saboda haka a bazara, bayan sallar asuba ake aikin, gari na wayewa, a ƙarƙashin rumfar da rana ba za ta leƙo ba har hantsi. Gwangwanin ya kwana a wuri mafi sanyi a gidan, gefen randa misali. A lokacin ɗari, Disamba da Janairu, akasin haka ne: sanyin safiya kan sauka ƙasa da digiri 15, a nan kuma jelkot ba ya daskarewa da kyau, sai a jira hantsi. Matsalar hunturu ita ce ƙura. Ranar da hazo ya rufe gari a ɗaga aikin, in kuma ba makawa a kewaye rumfar da zana ko tabarma, a yayyafa ruwa a ƙasa nesa da jirgin don ƙura ta kwanta. A damina a kauce wa ranar hadari, domin laima tana hana shi kamawa.

Wurin gyaran kansa dole ya bushe har ciki. Zaren da ya bayyana yana shan ruwa, ido ba ya gani. A wannan ɓangare mun yi sa'a, iskarmu busasshiya ce, kwana biyu zuwa uku a inuwa kan wadatar in ba damina ba. Don ka tabbatar, manna guntuwar leda garau a kan wurin, ka toshe gefunanta huɗu da salatif, ka bar ta ta kwana. In ka ga raɓa a cikinta da safe, da saura.

Shirya wurin

Fara da aseton, tun kafin samfefa ta taɓa jirgin. In ka fara gogewa, duk maiƙo da tsohon kakin da ke sama za ka tura su cikin karcen ne. Jiƙa farin tsumma ka share, ka bi da busasshe kafin ya tashi. Farin tsumma na ce, domin aseton yana fitar da rinin atamfa ya bar shi a kan jirgin. Man fetur kuwa, duk da shi ne a kusa, maiƙo yake bari.

Sannan ka buɗe ciwon. Mutum yana jin nauyin ƙara faɗaɗa tsagar da yake son rufewa, amma jelkot mai kauri ne, ba ya shiga siririyar tsaga, sai dai ya zauna a bakinta. Da tsinin wuƙa ko babbar ƙusa da aka wasa, bi tsagar ka kankare ta ta zama kwari mai faɗin baki da tsukakken gindi, har ka kai ƙarshen zurfinta, kuma ka wuce ƙarshen tsawonta da ɗan kaɗan. In ɓantarewa ce, cire duk ɓawon da ke motsi, ka kwantar da gefunan da samfefa lamba 80 kada a bar tsayayyen baki. Goge cikin ramin ma ya yi kaushi. Sa takunkumi a nan, garin faiba ba na shaƙa ba ne, kuma yana sa ƙaiƙayi.

Kakkaɓe garin, sake sharewa da aseton, ka bar shi minti kaɗan ya tashi. Daga nan hannu ba ya sake taɓa wurin. Kewaye ramin da salatif, ka bar tazarar milimita 2 zuwa 3 daga bakinsa.

In ramin ya wuce milimita ɗaya ko biyu a zurfi, kada ka cika shi duka da jelkot. Shi kaɗai ba shi da ƙarfi, in ya yi kauri tsagewa yake yi. Yayyanka zaren faiba ƙanana-ƙanana da almakashi, dama da rezin da maganinsa, cika gindin ramin ka bar wajen milimita ɗaya a sama. In ya daskare ka kankare samansa da lamba 80, ka share, sannan jelkot ya hau.

Launi da damawa

Launi ake fara daidaitawa, kafin maganin daskarwa ya shiga, lokacin ba abin da ke korarka. Yi amfani da launin da aka yi don rezin. Fentin gida ko na mota yana hana shi daskarewa daidai. Goge wani ɗan wuri kusa da ciwon da man goge fenti don ainihin launin ya fito, ka ɗiga abin da ka haɗa a gefensa ka duba a hasken rana, ka share da aseton, ka ƙara launi da tsinin tsinke. Fari ma ba iri ɗaya ba ne, jirgin da ya sha shekaru farinsa ya ja rawaya. Gaskiya dai, a ƙasan jirgi ba na ganin amfanin ɓata safiya guda kan launi. A samansa ne ido ke zuwa.

In wurin a tsaye yake jelkot zai zubo, don haka juya jirgin yadda ciwon zai kalli sama. In hakan bai yiwu ba, akwai farin garin silika mai sauƙin nauyi da ake ƙarawa har kaurin ya kai na ƙullun ƙosai, ya tsaya a sanda ba ya ɗiga.

Yanzu awo. Ana zuba MEKP tsakanin kashi 1 da kashi 2 cikin 100 na jelkot ɗin. Kashi 1 da rabi shi ne tsaka-tsaki: mililita 20 na jelkot, 0.3 na magani. Mililita 10, 0.15. Da zafi a matsa kusa da kashi 1, da sanyi a kai kashi 2. Kada a sauka ƙasa da 1 don neman lokaci, domin zai daskare rabi-rabi ya zauna da laushi. Kada kuma a haura 3 don neman sauri, zai yi zafi, launinsa ya juya, ya tsattsage. In gwangwaninka ya faɗi nasa awon, shi za ka bi. Ƙirga ɗigo ba abin dogaro ba ne tunda bakin kwalba ya bambanta, shi ya sa na ce sirinji. Cire allurar, MEKP ba ya shiri da ƙarfe.

Kafin ka taɓa jirgin, yi gwaji. Dama cokali ɗaya, shafa a kan guntuwar leda, duba agogon waya. Wannan zai gaya maka abu biyu: kayan da aka sayar maka suna da rai, kuma minti nawa gare ka a zafin wannan safiyar. Sauri ya haifi nawa. Wanda ya tsallake gwajin nan shi ne ke kwana yana kankare danƙo da aseton.

Dama kaɗan-kaɗan, mililita 10 zuwa 20 a lokaci guda. Motsa a hankali na minti ɗaya cur, kana kankaro gefe da gindin kofin, ba tare da bugawa ba don kada kumfa ta shiga. Abin da ya taru a kofi yana haifar da zafin kansa, ya riga na jikin jirgi kamawa nesa ba kusa ba. In ka dama da yawa za ka ji kofin yana ɗumi a hannunka, kafin ka ankara ya dunƙule, wani lokaci har da hayaƙi.

Shafawa

Da tsinin sanda, ɗiga jelkot cikin ramin daga gefe ɗaya zuwa ɗayan, kana danna shi yana kora iska gaba. Duk kumfar da ka gani ka fasa ta da tsinke. Cika shi ya ɗan haura bakin ramin, domin yana ja baya kaɗan in ya daskare. Wanda aka cika daidai baki, kwari yake komawa.

In naka mara kaki ne, ɗauko ledar masu fotokwafi da ka riga ka yanka ta fi ramin faɗi. Manna gefe ɗaya da salatif, kwantar da ita a hankali daga wannan gefen zuwa wancan, ka bi ta da gefen tsohon katin waya sau ɗaya, da sauƙin hannu. Ta cikin ledar za ka ga jelkot yana bajewa, iska tana gudu zuwa gefe. In ka danna da ƙarfi za ka matse shi ya fita daga ramin. Manne sauran gefunan. In mai kaki ne ledar ba dole ba ce, amma ni ina sa ta duk da haka, saboda tana tare ƙura da ƙwari, kuma tana rage aikin gogewa.

Ɗiga ɗan ragowar a kan wata guntuwar leda, ka rufe ta yadda ka rufe gyaran, ka ajiye kusa da jirgin. Ita za ka riƙa latsawa da farce, ba gyaran ba. Cikin ƴan sa'o'i zai yi tauri, amma bar shi ya kwana. Da safe ledar za ta ɓare da kanta. In ka ga wurin ya faɗa ƙasa da bakin ramin, kankare shi da lamba 120, share da aseton, ƙara wani hawa. Mai kaki dole a goge kakin sarai kafin a ƙara, in ba haka ba sabon ba zai kama tsohon ba.

Gogewa

Nan ne ake gane mai haƙuri. Hatsarin ba a kan sabon jelkot yake ba, a kan tsohon da ke kewaye da shi yake, wanda rabin milimita ne tun asali kuma rana ta riga ta ci wani abu daga ciki. Naɗe samfefa a jikin guntun katakon; yatsa yana bin tudu da kwari, katako kuwa tudun kawai yake ci.

Sabunta salatif ɗin kewaye, fara da lamba 220 ko 320 har tudun ya sauko daidai da salatif ɗin. Cire shi. Ɗauki fensir ka yi zane-zane a kan gyaran da kewayensa, sannan ka koma lamba 400 da ruwa mai ɗigon sabulu. Inda fensir ya goge ya daidaita, inda ya rage kwari ne. Farin ruwa zai riƙa gangarowa, kana sharewa kana dubawa. Da ka hangi wata inuwa mai duhu tana tasowa a gefen gyaran, tsaya, zaren ne ke shirin bayyana.

Daga nan 600, 800, 1000 ko 1200, kowace lamba tana share karcen wadda ta gabace ta, kuma kowane hawa kana ɗan faɗaɗa wurin. Canza ruwa tsakanin lamba da lamba, tsakuwar yashi ɗaya tana mayar da kai baya. Ƙarshe man goge fenti a tsumma mai laushi har ƙyalli ya dawo. Bar jirgin kwana biyu kafin ya shiga ruwa, kakin goge mota kuma bayan mako guda.

In zaren ya karye

Ta ciki ake fara gyara. Goge wurin da lamba 80, ka wuce iyakar inda faiba ta yi fari da santimita 5 ko fiye ta kowane gefe, share da aseton. Yanka zaren faiba gida uku, kowanne ya fi na bayansa faɗi da santimita 2 zuwa 3. Dama rezin da MEKP a kan awon da ya gabata, shafa a bangon, ɗora ƙaramin, ka riƙa dannawa da tsinin buroshi har farin zaren ya ɓace ya koma garau. Duk inda ya rage fari, ko rezin bai kai ba ko iska ce a ƙasa. Ɗora na biyu da na uku tun na farko bai daskare ba. Rezin ya jiƙa zaren kawai, kada ya kwanta a kansa. Ƙarfin a zaren yake. Cikin kayak wuri ne matsattse, warin rezin yana taruwa, takunkumin tsumma kuma ƙura kawai yake tarewa. Yi aikin a fili, ka riƙa fito da kanka kana shan iska. Washegari sai ka juya jirgin ka yi na waje.

In ka kankare ka ga zare rawaya mai tashin gashi ko baƙi mai sheƙi, jirgin na zaren kebla ne ko kabon, ba na gilashi ba, kuma sau da yawa da rezin na ifoksi ake yin irinsu. Ifoksi yana kama foliyesta da kyau, amma foliyesta ba ya kama ifoksi sosai. Irin wannan jirgi da ifoksi ake liƙe shi ta ciki.

Ƙasan jirgi da ragowar kaya

In ka lura, gaba da bayan ƙasan jirgi ne ke fara cinyewa, inda ake jansa a kan yashin bakin tafki. Maimakon a riƙa cike wurin kowace shekara, a yi masa ɗamara: salatif layi biyu a bar tazarar santimita 5 a tsakiya, a goge da lamba 80, a shimfiɗa siririn zaren faiba da rezin, a bi da jelkot mai kaki. Ita za ta riƙa cin yashin, in ta ƙare a sabunta. Mutum biyu su riƙa ɗaga jirgin in da hali, a ajiye shi a kife a rumfa, kuma in za a ɗaure shi a mota ko amalanke a sa tsumma ko soso ƙarƙashin igiyar.

Ragowar da aka dama a bar shi a kofinsa a kan yashi, nesa da kara da zana, sai ya huce ya yi tauri kafin a zubar. Tsumman aseton a shanya su a fili su bushe. Gwangwanin jelkot a share bakinsa, a rufe tam, a rubuta ranar da aka buɗe shi a jiki. Kwalbar MEKP kuma a ajiye ta dabam da aseton da rezin, a inuwa, a wurin da ake kullewa.